KURA 'YAR'UWAR MAGE CE: MATSAYIN MUSULMI KAN ILMIN RARRABE HALITTU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

Akwai tambayar da ke yawan zuwa mini daga iyayen yaran da ke sakandare a nan Karaye da Rogo, musamman idan jarrabawar WAEC da NECO ta gabato. Yaro ya dawo gida da littafin bayoloji, an zana bishiya mai rassa, an sa mutum a reshe ɗaya da birai. Uba ya gani hankalinsa ya tashi. Wani ya ce masa ai wannan kafirci ne tsagwaronsa, a cire yaron. Shi kuma yaron burinsa ya zama likita, kuma babu hanyar likitanci sai ta wannan darasi.

Ɓarna biyu nake tsoro a nan. Ta farko a raba yaro da karatu, alhali asibitocinmu na karkara suna kukan rashin ma'aikata, matanmu kuma suna neman likita mace babu. Ta biyu ta fi muni: yaron ya ci gaba da karatun, amma ya ƙudurta a ransa cewa addininsa tsoron ilmi yake yi, malamansa kuma ba su da amsa sai tsawa. Mun ga inda rufe ido yake kaiwa. A 2009 Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, ya faɗa wa BBC cewa bai yarda da ra'ayin Darwin ba, a magana guda kuma ya ƙaryata cewa duniya ƙwallo ce, ya ƙaryata yadda ruwan sama yake haɗuwa daga tururi. Ya kwaɓa komai a ƙwarya ɗaya ya zubar. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Don haka bari mu warware zaren nan sili-sili.

MENE NE ILMIN DA KANSA?

Masana sun sanya wa halittu kusan miliyan 2 suna, kuma kullum ana samun sababbi. Abu mai yawa haka ba ya karantuwa sai an tsara shi. Yadda za ka ce wane ɗan Najeriya ne, Jihar Kano, Ƙaramar Hukumar Rogo, gunduma kaza, unguwa kaza, gidan wane, haka suke saukowa mataki-mataki daga babban rukuni zuwa ƙarami, har su iso kan dangi, sai jinsi, sai nau'i.

Wanda ya yi karatun zaure zai ji waɗannan kalmomi biyu na ƙarshe ba baƙi ba ne. Jinsi da nau'i su ne abin da muke haddacewa a ilmin manɗiƙi, a littafin Isaguji na Abhari da Sullam na Akhdari. Kuma a can malamanmu, ɗaruruwan shekaru, suna bayyana mutum da cewa dabba ne mai magana da tunani: jinsinsa dabba, abin da ya bambanta shi hankali. Ba a taɓa kafirta kowa a kan wannan ba.

Magabatanmu sun yi aiki sosai a fannin. Jahiz na Basra, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, ya rubuta Kitabul Hayawan. Abu Hanifa Dinawari, da ya rasu a 282, ya rubuta Kitabun Nabat kan tsirrai. Ibnul Baiɗar mutumin Andalus, da ya rasu a Dimashƙa a 646, ya tattara magunguna da abinci kusan 1,400, mafi yawansu na tsirrai. Damiri na Masar, da ya rasu a 808, ya jera dabbobi bisa haruffa, kowace dabba da siffarta da hukuncin cin namanta.

Tsarin da yaranmu ke karantawa yau ya samo asali daga wani Bature ɗan ƙasar Siwidin mai suna Liniyas, ɗan limamin coci. A 1753 ya fitar da littafinsa na tsirrai, a 1758 kuma bugu na goma na littafinsa da ya ƙunshi dabbobi, ya ba kowane nau'i suna mai kalma biyu da Latin: ta farko jinsi, ta biyu nau'i. Dawa Sorghum bicolor, masara Zea mays, kuka Adansonia digitata, mutum Homo sapiens. Ka lura da shekarun nan. Littafin Darwin bai fito ba sai 1859, shekara 101 bayan haka. Wanda ya sa mutum a rukuni ɗaya da birai mutum ne da ya yarda cewa Allah ne Ya halicci komai, kuma ƙirar jiki ya duba: yatsu, farce, haƙora, idanu biyu a gaba, shayar da nono.

Har sunayenmu na Hausa sun shiga aikin. Wani likita ɗan Sikotlan, Dalziel, da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya bi manoma da masu magani yana tambaya, a 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da na Latin. Itacen hano, da wasu ke kira ararraɓi, da sunansa aka raɗa masa: Boswellia dalzielii. Ilmin kakanninmu ne, amma sunan wanda ya rubuta shi ya zauna. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga mutanen da ba sa rubutu.

SHIGA GONA KA GANI

Kuka, kuɓewa, lalo, rama, yakuwa, auduga, rimi da goro duk dangi ɗaya ne a wurin masana. Ka dubi furen kuɓewa ka dubi na auduga da na rama, za ka ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Yauƙin miyar kuka da na kuɓewa da na lalo ma gadon gida ne. Amma karkashi, duk da yauƙinsa, ɗan gidan riɗi ne. Kama da wane ba ta wane.

Wake, gyaɗa, gurjiya, waken suya, ɗorawa, tsamiya da gawo dangi ɗaya ne, duk masu kwanso. Da yawa daga cikinsu suna da ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwa, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna samar wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Shi ya sa gonar da aka yi waken suya bara take karɓar masara bana. Dawa, gero, masara, shinkafa, alkama, rake da gamba kuwa duk ciyawa ce, dangi guda.

Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, dankalin Turawa, taba da zaƙami gida ɗaya suke. Dankalin Hausa ba ya cikinsu, suna kawai ya haɗa shi da na Turawa. Rogo kuma, takwaran garinmu, ɗan'uwan zurma ne da tinya da bini-da-zugu, asalinsa daga Kudancin Amurka. Wanda ya san danginsa ba zai yi mamakin cewa akwai rogo mai guba da sai an jiƙa an sarrafa kafin a ci ba.

Wannan sani yana da amfani a aljihu. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, tana iya rayuwa a kan gauta da dankalin Turawa, don haka wanda ya canza tumatir da ɗayansu bai raba ta da abinci ba. Ƙudujin da ke kama dawa da gero da masara nau'i daban ne da wanda ke kama wake. Irin wannan aiki ake yi a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya.

Wani zai ce, to Malam, fiƙihu ai ba haka ya raba su ba. Gaskiya ne. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wajen zakka, shinkafa da gero da dawa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi, alhali a bayoloji dangi ɗaya ne. Tumaki da awaki kuwa ana haɗa su a lissafin zakka, alhali masana sun ba su jinsi daban-daban. Babu karo a nan. Malamin fiƙihu haƙƙin talaka yake lissafawa, masanin halittu dangantaka yake bi. Alƙur'ani ma a Suratun Nur aya ta 45 ya kasa dabbobi da yanayin tafiyarsu, masu jan ciki da masu ƙafa biyu da masu huɗu, don a yi tunani, bayan ya faɗi cewa dukkansu daga ruwa aka halicce su.

INDA MAGANAR TA ƊAU ZAFI

Ba zan ɓoye muku ba, rarrabewar yau ta wuce ta Liniyas. Tun bayan Darwin, masana suna cewa kamannin nan alamar asali ɗaya ce: halittu biyu suna kama ne domin sun fito daga kaka guda, sai suka rabu a tsawon zamani. Yanzu kuma ba ƙashi da fure kawai suke dubawa ba, suna karanta ƙwayar gado da ake kira DNA, irin wadda ake gwadawa idan ana son tabbatar da dangantaka tsakanin mutane.

Sakamakon yana da ban mamaki. Kura, duk da kamarta da kare, ta fi kusa da mage. Kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Rema da ke cikin duwatsu da ayu na cikin ruwa 'yan'uwan giwa ne. Dorina kuwa makusancinta a yau shi ne babban kifin teku mai shayar da nono. Gaiwa, wadda ke shiga laka ta kwana har rani ya wuce tana shaƙar iska da huhu, ta fi kusa da masu ƙafa huɗu a kan karfasar da masunta ke kamawa a madatsar Challawa. Naman kaza da ke tsirowa da damina ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. A 1977 wani masani a Amurka, Carl Woese, ya gano cewa ƙananan halittun da ake yi wa kuɗin goro da sunan bakteriya kashi biyu ne mabambanta, har aka sake zana gindin bishiyar gaba ɗaya a 1990. Sunaye ma suna canzawa. Bagaruwa ta daɗe ana kiranta Acacia, amma bayan tarukan masana tsirrai a Biyana a 2005 da Melbon a 2011 aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan, tamu ta koma Vachellia.

To mene ne matsayinmu? Ni ina raba maganar gida uku.

Na farko: halittu suna canzawa, kuma wasu suna fitowa daga wasu. Wannan ido yana gani. Bunaji da Rahaji da Bokoloji duk shanu ne, Balami da Uda da 'Yanƙasa duk tumaki ne, zaɓen makiyaya da yanayin ƙasa suka bambanta su. Kulorokwin da iyayenmu suka sha ta daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, har Najeriya ta canza magani a 2005, domin ƙwayoyin da suka jure su suka hayayyafa. Doki da jaki suna haifar alfadari, shi kuma ba ya haihuwa: kusancinsu ya isa su haɗu, nisansu ya hana zuriyar ɗorewa. Ban san wata aya ko ingantaccen hadisi da ya ce an halicci kura daban, mage daban, ba tare da wata alaƙa ba. Inda nassi ya yi shiru, wanda ya haramta shi ake nema ya kawo hujja. Suratul Ankabut aya ta 20 ma umarni ta yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah Ya fara halitta. Wanda ya halicci kuka daga ƙwayar da ba ta kai ɗan yatsa ba, a hankali cikin shekaru, babu abin da zai hana Shi fitar da nau'i daga nau'i in Ya so. Sababi ba ya kore Mai sababi.

Wannan ba sabuwar fatawa ba ce. Jamaluddin Afgani ya soki Darwin da zafi a raddinsa ga 'yan zahiranci a 1881. Amma a 1888 Shaihu Husaini Jisr, malamin Ɗarabulus ta Sham, ya rubuta Risalatul Hamidiyya, inda ya nuna cewa halitta a lokaci guda da halitta mataki-mataki duk suna ƙarƙashin ikon Allah, abin da ake nema shi ne hujja yankakkiya kafin a bar zahirin nassi.

Na biyu: asalin Annabi Adamu, alaihis salam. A nan akwai saɓani na gaske, kuma yaudara ce a ce wa yaro babu. Masana bayoloji ba su cire mutum daga bishiyar ba. Ba cewa suke yi birin da kake gani ya rikiɗe ya zama mutum ba, kamar yadda ake yaɗawa. Cewa suke yi mutum da birin cimfanzi, irin wanda ake samu a dajin Gashaka Gumti na Taraba, sun haɗa kaka wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, hujjarsu kuma ƙasusuwan da aka tono da kamannin ƙwayar gado da ya kai kashi 98 zuwa 99 cikin 100 a wuraren da ake kwatantawa. Alƙur'ani kuwa ya ba da labarin halittar Adamu daga ƙasa, da busa masa rai, da umartar mala'iku su yi masa sujada. A Ali Imrana aya ta 59 aka kwatanta Annabi Isa da shi, malaman tafsiri kuma suka fahimci cewa Isa ba shi da uba, Adamu ba uwa ba uba. A kan wannan jumhur suke, ni ma a kansa nake. Dokta Abdus Sabur Shahin na Masar ya gwada wata fassara a littafinsa Abi Adam a 1998, ya bambanta bashar da insan, malamai da yawa suka yi masa raddi.

Yaya ɗalibi zai riƙe biyun? Kamar yadda likita Musulmi yake riƙe haihuwar Annabi Isa. Ya san a ilmin da ya karanta ba a samun ciki sai da namiji, ya yarda da hakan a aikinsa, ya kuma yi imani cewa Nana Maryamu ta haihu ba tare da namiji ba. Ɗakin gwaji al'adar da Allah Ya gudanar yake aunawa. Abin da ya keta al'ada ta hanyar labari na gaskiya ake saninsa. Ba sai mun ƙaryata ƙashin da aka tono ba, ba kuma sai mun murɗe aya ba. Idan an tambayi yaro a jarrabawa abin da Darwin ya ce, ya rubuta daidai ya ci makinsa. Mai hakaito magana ba shi ne mai ita ba, Alƙur'ani kansa ya hakaito maganar Fir'auna.

Na uku: masu cewa tunda an gano yadda abin yake gudana, to babu Mahalicci, babu manufa. Wannan falsafa ce aka ɗora wa ilmin, babu na'urar da ta auna ta. Sanin yadda injin ban-ruwa yake aiki bai taɓa zama hujjar cewa ba a ƙera shi ba. Ita wannan muke ƙi, kuma da hujja ake ƙinta, ba da ƙona littafi ba.

LAIFIN DA YA FI KUSA DA MU

Akwai wata ɓarna da aka yi da sunan rarrabewa, wadda ya kamata mu fi kowa saninta. Liniyas ya kasa mutane gida huɗu bisa nahiya da launi, ya ba Bature siffofin yabo, ya ba baƙar fata na raini. Waɗanda suka biyo baya suka mai da abin tsani, suka kafa hujja da shi wajen bauta da mulkin mallaka. A 1906 an ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a ɓangaren birai na gidan namun daji a Niyok, mutane suna zuwa kallo. Daga baya ilmin da kansa ya rushe wannan ƙarya: ƙwayar gadon kowane mutum biyu a duniya ta yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma mafi yawan ɗan bambancin da ya rage a cikin kowace al'umma yake, ba tsakanin al'ummu ba. Mutane duka nau'i ɗaya ne.

To mu fa? Muna jin haushi an ajiye mu kusa da biri a littafi, amma a gida muna da namu tsanin. Wane ba za a ba shi 'ya ba, kakansa bawa ne. Wane ɗan mahauta ne, wane ɗan wanzamai ne, wane jikan Maguzawa ne ko da ubansa a Musulunci aka haife shi. Yanzu kuma ga wata sabuwa a Facebook da TikTok, matasa suna zagin juna da sunan Hausa zalla da Fulani, alhali a Karaye da Rogo da wuya ka sami gidan da jinin biyun bai gauraya ba. Mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, addini da lafiya daga aibobi ta sa a matsayin ma'aunin dacewar aure, ba ta sa asali ba. Suratul Hujurat aya ta 13 ta faɗi dalilin kasa mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila, wato mu san juna, ta kuma ajiye fifiko a kan taƙawa.

Ka tuna wanda ya fara mai da asali hujjar fifiko. Iblis ne, a Suratul A'araf aya ta 12, da ya ga an yi shi da wuta an yi Adamu da yumɓu. Bayanin da ya bayar game da asalin gaskiya ne, hukuncin da ya gina a kai shi ya halaka shi. Darajar ɗan Adam da aka ambata a Suratul Isra'i aya ta 70 ba daga kayan da aka gina jikinsa ta zo ba. In da daga nan ne, ai yumɓu ba abin alfahari ba ne. Daga rai take da hankali da amanar da aka ɗora masa. Wanda ya gane haka, zanen bishiya a littafin bayoloji ba zai girgiza shi ba, kuma ba zai raina maƙwabcinsa don sana'ar kakansa ba.

Haka kuma kusancin jikinmu da na dabbobi ya kamata ya ƙara mana tausayi. Suratul An'am aya ta 38 ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu kamar mu. Jakin da ake lafta wa kaya ana duka a kan gyambo, da kajin da ake ratayewa a babur kai a ƙasa daga ƙauye har kasuwa, suna da jijiya irin tamu, suna jin zafi. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda mage, da wanda aka gafarta masa saboda ya shayar da kare.

Shawarata ga iyaye: kada ku cire yaro daga makaranta a kan wannan darasi. Ku tabbatar yana da malamin aƙida da zai zauna da shi ya saurari tambayarsa ba tare da zagi ba. Ga 'yan'uwana masu hawa mumbari: mu karanta abin da muke son yi wa raddi kafin mu yi, domin Suratul Isra'i aya ta 36 ta hana bin abin da ba mu da ilminsa, kuma yaron da ya kama mu da kuskure a bayoloji zai fara shakkar mu a tauhidi. Ga malaman makaranta: ku koyar da abin da ke manhaja da amana, kada ku ƙara masa abin da ba ilmi ba. Ga ɗalibai kuma: ku dage, muna buƙatar likitoci da malaman gona da za su rubuta sunayen itatuwanmu da hannunsu kafin masu gawayi su ƙarar da su.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfane mu da abin da Ya sanar da mu, Ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.